Man da Aka Tara wa Dije

Ku da kuke zuwa garejin nan kuna zama kan benci kuna latsa waya, ina jin abin da kuke faɗi. Wai kanikanci kwancewa ne da ɗaurewa kawai, wai duk abin da ya lalace a mota akwai wanda ya ɗauki hoton gyaransa ya sa a waya, sai mutum ya kalla ya yi. Ban ce ƙarya kuke yi ba. Amma ni tun jirgin ƙasa yana shigowa Ƙaura da kaya nake cikin baƙin mai, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali a sana'ar nan bai taɓa zama ƙarfen da ya tsufa ya karye ba. Lafiyayyar mota ce da mutum ya kashe da hannunsa, yana ganin alheri yake yi mata.

Aikin farko da maigidana, marigayi Mamman Baƙo, ya bari na sa hannu a kai, wata babbar mota ce da ta ɗauko gero daga Shinkafi, gas ya ƙare mata a bakin kasuwar hatsi. Kafin ranar, aikina wankin ƙarafa ne a cikin rabin duro, sai miƙa sifana idan an kira lambarta. Direban ya sayo gas ya zuba, mota ta ƙi tashi, ya yi ta murza makulli har batir ya fara ja da baya. Maigidana ya ce iska ta shiga. Ya sa ni na riƙa danna ɗan famfon hannu da ke kan filta, shi kuma ya sassauta noti ɗaya, muna kallon kumfa tana fita har mai ya fito garau. A nan tsugune ya yi mini bayanin da har yau nake ci da shi. Ya ce famfon injekta, wanda ke tura gas cikin inji, ƙarafan cikinsa gogar juna suke yi, kuma tsakaninsu ko gashi ba ya shiga. Babu baƙin mai a wurin. Maiƙon gas ɗin shi ne abin da ke hana su cin juna. Fetur kuwa ba shi da maiƙo, wanki yake yi. Ranar da ya shiga famfon, ranar ƙarfe zai fara cin ƙarfe.

Akwai wata malama da ke koyarwa a kwalejin fasaha ta garin nan, tana da ƙaramar mota mai shan fetur. Ta shiga wani gidan mai, aka zuba mata gas bisa kuskure. Tana zaune sai ta ji warin ba irin wanda ta saba ji ba ne. Ta fito ta duba, ta ga abin da aka yi, ta zare makullinta ta sa a jaka. Mutane suka yi ta ce mata ta tayar ta matsa gefe, tana tare hanya. Ta ce sai dai a tura. Haka aka turo ta har nan. Na sa tiyo da daro na zuƙe tankin, na kwance shi na ɗauraye, na canja filta, kafin azahar ta tafi abinta. Wannan shi ne dukkan sirrin, kuma ba a cikin akwatin kayan aikina yake ba: kada a murza makulli. Motocin yanzu ma ko ba ka tayar ba, kana kunna wuta famfon cikin tanki ya fara turo mai gaba.

Wani dillalin hatsi kuma ya zuba fetur a sabuwar motarsa mai shan gas. Ya gane tun a wurin. Amma 'yan tasha suka ce masa ba komai, ya ƙara gas a kai, za su gauraya a hanya. Ya kama hanyar Shinkafi, bai kai ba. Da aka jawo ta na kwance filta na juye a farin tsumma, sai ga garin ƙarfe yana ƙyalli a rana kamar an barbaɗa. Na nuna masa. Ya daɗe yana kallon tsumman, sannan ya tambaye ni ko za a iya tacewa. Na ce garin nan famfonsa ne, kuma ya riga ya bi bututu ya kai kowane nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin inji.

Amma duk waɗannan masu hali ne, sun yi asara sun mayar. Wanda nake so ku ji ya faru ne a shekarar nan da aka rufe layin waya, aka tsayar da kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka saboda mutanen daji. Kuna nan, kun ga abin da aka sha. Gidajen man ƙauyuka duk a kulle. Wanda ya samu ɗan mai sai ya ɓoye shi a abin da ba za a gane ba, wani a buta, wani a galan ɗin man gyaɗa, wani a robar lemo. Babu rubutu a jiki, kuma a bakin mutanenmu duk sunansu ɗaya, mai. Garejin nan ya koma wurin kwanciyar awaki. Dole na riƙa ɗaukar jakar kayan aiki ina bin ƙauyuka, ina gyaran injin niƙa da injin ban ruwa.

Wata rana da hantsi, lokacin kaka, ina Dauran ina fama da wani injin niƙa da ya ƙi tashi, sai ga Lawali ya shigo a guje, babu hula, numfashi na neman gagararsa. Lawali direba ne, na san shi tun yana karen mota. Shi ke tuƙa wata tsohuwar a-kori-kura mai shan gas da mutanen wani ƙauye can cikin daji suka haɗa hannu suka saya. Ita ce motar hatsinsu, ita ce motar amarya, ita ce motar asibiti. Ya ce mini motar ta mutu a bayan gari, kuma akwai mace a ciki, kububuwa ta sare ta a gona. Ya ce ta fara ƙara kamar ana buga guduma a cikin inji, ta rasa ƙarfi, ta yi farin hayaƙi, ta tsaya. Na ɗauki jaka muka fita da ƙafa.

Na tarar da motar a gefen titi, wurin da ko mai lafiya ba ya son tsayawa a shekarar nan. A bayan motar an shimfiɗa katifa, matar tana kwance, wata tsohuwa ta tallafe mata kai. Sunanta Dije, matar wani makiyayi ce, Malam Buba. An ɗaure ƙafar da ɗankwali a ƙasan gwiwa, ta kumbura har yatsun sun ɓace a ciki, kuma jini na tsattsafowa daga dasashinta. Ba ta kuka. Idonta kawai take bin mu da shi. Malam Buba na tsaye a gefe, dogo, da sandarsa a kafaɗa.

Ban buɗe bonet ba. Murfin tanki na fara kwancewa, na kai hanci. Fetur ne, ba ko tantama, wari mai kaifi har cikin ido. Na juya na dubi Lawali, na ce wa ya zuba mata mai yau. Ya ce shi ya zuba ɗan galan na gas da ya roƙo wurin mai injin niƙan ƙauyensu, sauran kuma mutanen gari ne suka zuba kafin ya dawo.

Na ce, "Baffa, mi anka zuba mata?"

Malam Buba ya ce, "Mai munka zuba."

"Wane iri?"

"Na babura. Lawali yac ce man ba ya kai mu Ƙaura. Kowa ya tai ya tsiyayo na babur nai. Ba wanda ya rage ko ɗigo."

Ya faɗi haka yana kallona kai tsaye, kamar mai ba da labarin mutuncin da garinsu ya yi masa. Kuma mutunci ne. A shekarar da mutum ke ɓoye kwalbar fetur a ƙarƙashin gado, gari guda ya fito da kwanoni da butoci, kowa ya kwance tiyon babur ɗinsa ya tsiyaye. Malam Buba da kansa ya riƙe mazurari. Lawali ya dawo ya ga gejin mai ya tashi, aka ce masa an zuba mai, ya ɗauka mai unguwa ne ya fito da gas ɗin da yake ajiyewa don tarakta. Ga mace na zubar da jini. Bai tsaya tambaya ba.

Lawali ya zauna a ƙasa, a kan kwalta, ya dafe kai. Malam Buba ya dube shi, ya dube ni, ya ce lafiya? Na ce masa motar nan ba ta shan irin wannan man, shi ne ya kashe ta. Ya sauke sandar daga kafaɗa ya dogara da ita da hannu biyu. Tsohuwar da ke bayan mota ta fara salati a hankali.

Na shiga ƙarƙashin motar na kwance notin gindin tanki. Ba mu da daro, sai tsohuwar ta juye ruwan da ke cikin bokitin da suka taho da shi ta miƙo, Lawali ya kawo galan ɗinsa. Na tsiyaye, na fito na kwance filta na juye a gefen rigata. Garin ƙarfe. Duk da haka na ce a gwada, ko Allah zai sa famfon bai gama cin kansa ba. Lawali ya koma Dauran a guje ya karɓo gas ɗin da ke cikin injin niƙan da nake gyara. Na wanke bututu, na zuba, na cire iska kamar yadda aka koya mini, na sassauta notin nozul na ce ya murza. Inji ya juya, babu abin da ya fito. Ya sake murzawa, babu ko danshi. Famfon ya mutu.

Ku da kuka saba da waya ba za ku gane yadda wurin nan yake ba. Babu wanda za a kira. Tunda na iso mota ɗaya ce ta wuce, ita ma ba ta ko rage gudu ba, kuma ban ga laifin direban ba. Baburan ƙauyensu kuwa duk suna jingine da bango, babu mai a cikinsu, man yana nan cikin bokiti a gabana. Ko da akwai babur ma, Dije ba ta iya zama. Na tsuguna ina kallon famfon, ina tunanin ko in kwance kansa in gani, aikin da na san ko a gareji sai ya ci yini.

Sai Malam Buba ya matso ya tsaya kan bokitin. Ya ce, "Malam Sanda, wanga man, babu motad da ka shan shi?"

Na ɗago na dube shi. Lawali ma ya ɗago. A ƙofar gidan mai injin niƙan da nake wa aiki akwai wata tsohuwar ƙaramar mota ta haya, ta wani Ɗanjuma, an rufe ta da buhuna tun da mai ya yanke. Da safen nan ma a kanta na ajiye jakata. Fetur take sha. Man da ke bokitin nan akwai gas a ciki, amma fetur ya rinjaye shi nesa, kuma tsohuwar mota mai kafireto ba ta da tsirfa irin ta motocin yanzu. Za ta yi hayaƙi, za ta yi tari, amma za ta tafi.

Muka ɗauki bokiti da galan muka nufi gari, muna tafiya a hankali kada ya zube. Ɗanjuma bai ja magana ba, yana jin maciji ne ya shiga ya ɗauko makulli. Na tace man da hular Ɗanjuma saboda ƙasar da ta shiga bokitin. Batir ya daɗe da mutuwa, taya ɗaya ta sace, aka kawo famfon keke aka yi ta bugawa. Sannan mutanen Dauran suka fito, tsofaffi da matasa, suka tura ta a kan titi. Ta yi tari ta mutu, aka sake turawa, ta sake mutuwa. Can ta kama, da wani hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da ya rufe masu turin gaba ɗaya.

Aka kwantar da Dije a kujerar baya, kanta a cinyar tsohuwar, Malam Buba ya takure a gefe yana riƙe da ƙafar. Ni na zauna gaba da sifanar fulogi a hannu, don na san gas ɗin zai jiƙa fulogan. Haka kuwa aka yi. A tsakiyar hanya, inda babu gida babu gona, mota ta fara shaƙewa. Na ce wa Ɗanjuma ya tsaya a kan gangara don a samu turawa. Na kwance fulogan suna ƙona mini yatsu, na goge su da rigata, na kankare da bakin wuƙar Malam Buba, na mayar. Ni da Malam Buba muka tura, muka shiga tana tafiya. Haka muka ci gaba har muka hango gidajen Ƙaura. Mun shiga asibiti kafin la'asar.

Dije ta rayu. Ƙafar ce ba ta tsira ba. Daga baya aka wuce da ita Gusau, aka yanke daga ƙasan gwiwa.

A-kori-kurar kuwa shanun huɗa aka ɗaura mata suka jawo ta cikin Dauran, daga baya suka ja ta har ƙauye. Na kwance famfon na kawo nan na buɗe. Kan famfon ya cinye, ya yi zane-zane kamar an bi shi da ƙusa, nozul ɗin duk sun toshe. Babu inda za a samu wani a lokacin, hanyar ma ba ta biyuwa. Kakar nan mutanen ƙauyen da jakuna da amalanke suka fitar da hatsinsu, mara lafiya kuma a amalanken ake kawo shi bakin titi a jira abin da Allah zai kawo. Lawali ya koma noma. Ya gaya mini ba wanda ya taɓa ɗaga maganar a majalisa, don ba wanda hannunsa bai shiga ba. Malam Buba ya daina zama wurin mutane. Yana idar da salla sai ya ɗauki takalmansa ya bi shanu.

Sai bayan an buɗe layi, kasuwanni sun dawo ci, na samu famfo na gwanjo a Gusau, da nozul. Na tafi ƙauyen da kaina na ɗaura. Motar tana ƙarƙashin wata tsamiya, kaji sun yi ƙwai a kujerar direba. Na sauke tanki na wanke, na busa bututun ɗaya bayan ɗaya, na sa sabon filta. Mazan garin suka zo suka kewaye ni, amma ba irin kewayewar da na saba da ita ba, wadda kowa ke ba da shawara. Malam Buba yana can baya. Da na ɗan huta sai ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya rage murya, ya tambaye ni, da motar ba ta tsaya a hanya ba, da ƙafar ta tsira? Na ce masa ni ƙarfe na sani. Na san tsayawar ta ci mana lokaci mai yawa, amma abin da dafi ya yi kafin nan da wanda ya yi bayan nan, ban da ilmin raba su. Ya gyaɗa kai, bai tashi ba.

Muna haka sai ga Dije ta fito daga wani lungu, tana dogara sanda, tsohuwar nan na biye da ita da ƙwaryar fura. Ta rame, amma tafiyar ta riga ta saba mata. Mazan nan duk suka sunkuyar da kai, wasu suka fara ja da baya. Ta gaishe ni, ta tambayi iyali, aka ajiye mini furar. Sannan ta tsaya ta dubi mutanen, ta yi magana da ni amma da muryar da kowa zai ji.

"Malam Sanda, ka gaya musu su bar sadda kai in sun gan ni. Har mutumen ga na gidanmu. Ni ina kwance amma ina ji. Man da sunka tara shi yak kai ni Ƙaura. Motad da sunka zuba ma ta dai ba ta shan shi."

Wani tsoho ya share fuska da bakin rawaninsa. Malam Buba yana tsugune yana kallon ƙasa, sai na ga ya miƙa hannu ya ɗauki sifanar da na ajiye ya riƙe mini, kamar zan nema.

Na gama ɗauri, na cire iska, na ce wa Lawali ya murza. Ta juya, ta yi tari, ta kama, da ƙarar nan ta lafiyayyen injin gas. Dije ba ta jira an gama murna ba. Ta ce ranar kasuwar Dauran ce, kuma ta daɗe ba ta kai nono ba. Aka ɗauko mata ƙoren nonon, aka jera a baya. Malam Buba ya buɗe ƙofar gaba, ya karɓi sandar, ya tallafe ta ta hau.